Shimfiɗar kulob ɗinmu ta zama gandu, kowa na cewa tasa ce

Baban Khalil: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Shekara uku ke nan ina zuwa wani kulob na masu harkar ƙananan jiragen ƙasa na wasa a garin da nake zaune a Ingila. Mu 26 ne, muna hayar wani ɗaki a bayan coci, kuma muna da shimfiɗa guda ta kowa da kowa, wato tebur ne da ya zagaye ɗakin, ga layin dogo ga tashoshi ga gadoji a kansa. Ma'aunin OO ne, wato kashi 1 cikin 76 na girman jirgin gaske. A taron shekara na watan jiya aka ɗora mini kula da ita, ba don na fi kowa iyawa ba, kawai dai ni ne bakina ya yi nauyi wajen cewa a'a.

Ran Alhamis wani sabon memba ya zo da kan jirginsa fil a kwali. Ya ɗora a layi, ya danna lamba 3 a abin tuƙi, ya murɗa. Ashe a layukan ajiya na bayan labule akwai wani kan jirgin, shi ma lamba 3, mai shi bai sauya ba tun da ya saya. Duka biyun suka tashi. Na bayan labulen ba wanda ya lura da shi, ya fito ya nufi ƙofa, daidai lokacin da wani ya ɗaga gadar bakin ƙofa zai shigo da shayi. Sai ji muka yi tim a kan siminti. Kan jirgin irin mai fitar da sauti ne, kuɗinsa kusan fam 300.

Yanzu mutum uku kowa na nuna ɗan'uwansa: sabon memba, mai shayi, da mai jirgin. Wa zai biya? Wannan ɗaya ke nan. Ta biyun ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, amma bari mu fara da wannan.

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Ni fa ban gane ba. Magidanta da gemu ku taru a ɗaki kuna tura jirgin wasa, har fam 300? Baban Khalil, ka lissafa wannan da naira kuwa?

Baban Khalil: Malam, na lissafa, shi ya sa uwargida ba ta san farashin nawa ba.

Injiniya Hambug: Allah ya kiyaye gaba. Bari in yi wa waɗanda ba su san harkar ba bayani kaɗan, don a gane ba tsautsayi ne zalla ba. A tsohon tsari, wato DC, wutar da ke kan layi kake ƙarawa ko ragewa, duk abin da ke kan wannan layin sai ya motsa tare. A sabon tsari kuwa, wato DCC, wuta na kan layi koyaushe, umarni ne ke bi ta cikinta, kowane kan jirgi yana da 'yar dikoda a ciki mai sauraron lambarta kaɗai. Kamfanin Lenz na nan Jamus ne ya ƙirƙiro shi, daga baya ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'idar da kowa ke bi. To ƙa'idar ta ce dikoda ta fito daga masana'anta da lamba 3. Kenan duk sabon jirgi mai irin wannan dikoda sunansa ɗaya. Kamar ka shiga tsakar gida ka ce "Muhammadu", mutum biyar su amsa.

Don haka doka ta farko, lamba 3 ba ta hawa babban layi, ko na shugaba ne. A ware ɗan guntun layi na saiti a gefe, wanda bai haɗu da shimfiɗa ba, duk sabon jirgi ya fara tsayawa can a raɗa masa suna. Gajerun lambobi daga 1 zuwa 127 ne, ba za su ishe ku ba. Ku koma masu alƙaluma huɗu, ku ba kowane memba nasa zangon: kai 1100 zuwa 1199, wane 1200 zuwa 1299. A rubuta a littafi, a rataye littafin kusa da layin saiti.

Maman Zara: Kafin a yi nisa, don Allah kada a ɗora wa sabon memban nan. Wa ya gaya masa? An ba shi takarda ranar da ya shiga? Ɗana yana da shekara 11, ina kai shi wani kulob a nan Bamingam duk Asabar, kuma na ga yadda ake yi. Tsofaffin hannu sun san dokoki a kansu, ba su rubuta ba, ba su faɗa ba, sai ka taka sannan a zare maka ido. Rannan aka yi wa yarona tsawa wai ya ɗauki tarago ta gefe ya ɓalle wani ɗan ƙarfe. Da muka duba, abin tun bara a ɓalle yake.

Baban Khalil: Gaskiya Maman Zara, ba a ba shi komai ba. Ni ma da na shiga ba a ba ni ba. Da kunne na tsinta.

Injiniya Hambug: Ni a wurina cikin mutum ukun nan babu mai laifi kamar gadar. Gadar da ake ɗagawa a bakin ƙofa ba tare da makashin wuta ba, rami ne aka haƙa aka rufe da tabarma. Ɗan makunni ake sa wa a ƙarƙashinta, da an ɗaga ya yanke wutar layi ta ɓangarorin biyu. Kuma yankin da za a kashe ya yi tsawo, domin wasu masu sautin nan ana sa musu ma'ajiyar wuta da ke ci gaba da tura su na ɗan lokaci bayan an ɗauke. In ka kashe taƙi ɗaya kawai, zai sulale ya wuce ya faɗa. Wasu ma suna ƙara ɗan ƙusa da ke tasowa tsakiyar layi in an ɗaga gada. Kayan aikin duka ba su kai kuɗin shayin wata ba. Tunda kulob ne bai yi ba, kulob ya biya.

Hajiya Ma'aji: Injiniya, a nan na rabu da kai. Ban taɓa riƙe jirgin wasa ba, amma na riƙe asusun ƙungiyoyi uku a ƙasar nan, na san yadda kuɗi ke raba zumunci. In kulob ya biya yau da sunan diyya, gobe wanda fentin taragonsa ya karce zai zo da rasit. Kuɗin membobi 26 nawa ne bayan an cire haya da wuta da inshora? Baban Khalil, ka ɗauko takardar inshorarku ka karanta da kyau, sau da yawa irin wannan tana kare baƙon da ya ji rauni ne, ba kayan da memba ya kawo daga gida ba.

Abin da zan ce, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya ɗora kayansa a shimfiɗa, shi ya ɗauki kasadar. Sannan wannan karon a zagaya da kwano, kowa ya jefa abin da ya samu, a kira shi gudummawa. Mai jirgi ya samu abin gyara, ba a ce wa kowa mai laifi ba, asusu kuma bai buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba.

Injiniya Hambug: Hajiya, ai kuɗin daga aljihun mutanen nan dai zai fito.

Hajiya Ma'aji: Daga aljihunsu zai fito, amma sunan da aka sa masa ne zai nuna ko za a sake tambaya.

Baba Ɗan Reluwe: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta karanta mini, na ce sai na sa baki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, aikin reluwe ya yi har ya yi ritaya, mun zauna Zariya mun zauna Kafancan. Layinmu guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa. Direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wani ƙarfe, shaidar cewa hanya tasa ce har tasha ta gaba, can ya miƙa. Ba ƙarfe, ba tafiya, ko kai waye. Ku da kuke kwaikwayon jirgi, me ya sa kuka kwaikwayi fenti da hayaƙi kuka bar wannan? Ku sami ɗan katako ku rataye. Mai katako a hannu shi ke da layi. Mai son ɗaga gada ya nemi mai katako.

Baban Khalil: Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya jiƙan magabata. Wallahi wannan ta shige ni. Kuma Turawan nan za su so ta, don a ƙananan layukansu na tarihi har yau ana miƙa irin wannan shaidar, suna zuwa kallo ma.

Ɗan Boston: Baba ya tuna mini wani abu da na daɗe ina tunani. Akwai wanda ya taɓa gwada ƙera tashar Kano ko ta Zariya?

Injiniya Hambug: Na yi lissafin, ban fara ba. Tsohon layin Najeriya faɗinsa milimita 1067 ne, ba 1435 irin na Abuja zuwa Kaduna ba. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87, zai ba ka kusan milimita 12, kuma ana sayar da layin milimita 12. Ko ka ɗauki layin 16.5 da kowa ke da shi ka ƙera jiragen a kashi 1 cikin 64, yadda mutanen Niyu Zilan ke yi tunda faɗin layinsu ɗaya da namu. Wahalar ita ce kan jirgi da taragu, da hannu za ka yi su. Dalar gyaɗa kam ba wuya.

Maman Zara: Ku buɗe wa wannan wani zauren, ku bar bawan Allah ya faɗi matsalarsa ta biyu.

Baban Khalil: Na gode. To, akwai wani dattijo, ya haura 80, yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin. Babbar tashar da ke tsakiyar shimfiɗa shi ya gina ta, kuma maganar gaskiya ita ce adon ɗakin, baƙo in ya shigo nan yake tsayawa. Amma a nan jirage ke mutuwa. Wuta ta mahaɗin ƙarafan layi kawai take bi, babu wayoyi ta ƙasa, mahaɗan kuma sun saki. Masauyan layinsa masu tsakiyar roba ne, ƙaramin kan jirgi in ya zo a hankali sai ya tsaya cak. In wuta ta haɗe a wurinsa, ɗakin duka ya ɗauke, mutum shida su tsaya suna kallon juna. Matasa na so a tuge layin a sa na zamani mai siririn ƙarfe. Shi kuma ya ce duk wanda ya taɓa tasharsa, zai zo da zarto ya yanke abinsa ya tafi da shi gida. Kwamiti ya ce ni ne mai kula, in san yadda zan yi.

Malam Tanko: Af, to yanzu kuka zo inda na sani. Na ɗauka maganar lantarki ce, ashe rigimar gandu ce. A gidanmu a ƙauye, gandu na kowa ne, maigida ke cewa ga abin da za a shuka, a yi aiki tare, a ci daga rumbu ɗaya. Amma kowane saurayi ana yankar masa gayaunarsa, can ya shuka abin da ya ga dama a ranakunsa, ba mai ce masa don me. Gidan da ya hana gayauna, samari ke gudu. Gidan da kowa ya koma gayauna, gandu ke zama saura. Ku kun haɗa biyun a fili ɗaya ba ku kafa iyaka ba. Layin da jirgin kowa ke bi, gandu ne. Ginin tasha da bishiyoyi da 'yan mutanen da ya jera, gayaunarsa ce. Ku faɗa masa haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hajiya Ma'aji: Ka ga mai cewa wasan yara ne.

Malam Tanko: Har yanzu wasan yara ne Hajiya, faɗan ne na manya.

Injiniya Hambug: Abin da Malam ya faɗa, shi ne ainihin tsarin da nake bi a nan. Akwai ƙungiyar FREMO, an kafa ta a Jamus a 1981. Ba su da shimfiɗa ta dindindin. Kowa na gina guntunsa a gida, nasa ne halak malak, abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne bakin guntun: siffarsa, inda layi zai fito, yadda wayoyi za su haɗu, da tsayi daga ƙasa, santimita 130. Ranar haɗuwa a hayi babban zaure, a jona su, a tuƙa da jadawali da agogo mai sauri, kowane tarago da katinsa mai nuna inda za shi. An gama kowa ya kwance nasa ya sa a mota. A Amurka ma akwai tsarin NTRAK tun shekarun 1970 a kan wannan tunanin. Ba mai yi wa wani barazana da zarto, tunda a yanke abin yake tun asali.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, kana yabon gwaninka. Ni a Faransa nake, kulob ɗinmu ya gwada guntaye shekara biyu. Abin da ya fito kamar rigar faci: nan ƙanƙara, taku ɗaya gaba gonar inabi, gaba kuma masana'anta. Sannan ranar baje koli mutum ɗaya ya yi zazzaɓi, guntunsa shi ne kwana, da'ira ta ƙi rufuwa. Kuma ba kowa ke da gareji ko mota ba. Ni ɗaki biyu gare ni da 'ya'ya uku, dalilin da ya sa na shiga kulob ke nan tun farko, don in sami fili da ba ni da shi a gida. Shimfiɗar kowa da kowa ita ce ta talaka.

Injiniya Hambug: Rigar faci na zuwa ne in ba a yarda da launin ciyawa da na tsakuwa tun farko ba.

Ɗan Maraɗi: To ka ga mun dawo kwamiti ke nan, inda muka gudo.

Baban Khalil: Ko ma dai mene ne, ba zan iya yanka shimfiɗar da ta shekara 30 a manne da bango ba.

Ɗan Boston: In zai sanyaya maka rai, wannan rabuwar ta girme mu duka. Kulob ɗin jami'ar MIT da ke nan, wanda aka kafa a 1946, an san shi da kashi biyu: masu fenti da gine-gine a saman tebur, da masu sigina da wuta da ke kwana a ƙarƙashinsa. Daga cikin na ƙarƙashin teburin ne aka sami wasu daga farkon gwanayen kwamfuta. Na sama na ganin na ƙasa ba su san kyau ba, na ƙasa na ganin na sama ba su san aiki ba.

Hajiya Ma'aji: Tambaya ɗaya ba wanda ya yi. Katako da layin tashar nan, kuɗin wa? In kulob ɗinku ba rajistar kamfani gare shi ba, kamar yawancin ƙananan ƙungiyoyi a Ingila, to shi kansa ba mutum ba ne a idon doka, dukiyarsa a hannun membobi ko amintattu take. Ka binciko tsofaffin bayanan taro. Kyauta ya bayar ko aro? Ba fata nake ba, amma mutum ya haura 80. Wata rana 'ya'yansa ne za su zo da zarton, kuma su ba ruwansu da Alhamis ɗinku.

Maman Zara: Ni kuma abin da nake gudu, kada a tsaya lallashin dattijo har matasa su gaji su watse. Kun ga babban baje kolin kulob ɗin Warley da aka saba yi a zauren NEC na nan Bamingam, farkon 2024 suka sanar sun daina, kuma cikin dalilan da suka bayar har da tsufan masu aikin. Yaron da ya zo sau uku jirginsa na mutuwa a wuri ɗaya, kuma aka ce kada ya taɓa, ba zai zo na huɗu ba. Yana da waya a aljihu, ba ya rasa abin yi.

Baba Ɗan Reluwe: 'Yata, gaskiyarki. Amma tsoho in ya ce kada a taɓa, ba kullum abin yake karewa ba. Baban Khalil, ka je gidansa, kada ka tare shi gaban mutane. Kada ka je da takarda. Ka ce ya koya maka yadda ya yi.

Baban Khalil: Jama'a, na dawo da labari, mako biyu ke nan. Na bi maganar Baba, na je gidansa ran Lahadi, na sha shayi kofi uku. Ashe abu biyu ne. Na farko, yana da tsofaffin jirage na kamfanonin Tri-ang da Lima cike da akwati, ƙafafunsu masu zurfin baki ne. A layin da ke wurin yanzu, mai tudun ƙarfe da ake kira lamba 100, suna tafiya lafiya. In aka sa siririn, mai lamba 75, da matasa ke so, bakin ƙafar zai riƙa dukan maƙalan layi, jiragensa sun tashi aiki ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Na biyun sai da muka jima ya faɗa: gwiwarsa ba ta barinsa ya shiga ƙarƙashin tebur yanzu, yana tsoron a sauya wayoyi ya wayi gari bai san kan tasharsa ba, sai ya roƙi yaro ya kunna masa.

Ga inda muka tsaya. Layi na nan yadda yake. Za mu sauko da 'yan wayoyi daga kowane ƙarfe zuwa babbar waya ta ƙasa, mu liƙe da dalma ta gefen da ido ba ya gani. Shi zai zauna a kujera da allo, duk wayar da aka sa shi zai ba ta lamba ya zana. Masauya biyu da suka fi ba da wahala ya yarda a canza, sauran ya ce a bar masa. Tashar za ta sami nata makatsin wuta, in ta haɗe a can kada ɗaki duka ya mutu. Alhamis ɗin farkon wata kuma ta tsohon tsari ce, ya fito da akwatinsa.

An sa wa gada makunni. Kwano ya tara fam 185, mai jirgi ya karɓa, ya ce gangar jikin ce ta fashe, dikodar ta tsira. Katakon Baba na rataye, ɗan Maman Zara zai yi dariya in ya ji cewa dattijon ne ya fi kowa mantawa da shi a aljihu.

Takardar kyauta ko aro kuwa, Hajiya, ya ƙi. Ya ce shi bai mutu ba tukuna. Bayanan taro na waɗancan shekarun kuma ruwa ya ci su a wani tsohon ɗaki.

Hajiya Ma'aji: Ka bar shi ya huce, amma a rubuta a bayanan taron wannan watan cewa an tambaya. Bayan Kirsimeti ka sake ɗaukowa.

Injiniya Hambug: Madalla. Abu ɗaya game da daren tsohon tsari: makunnin da zai zaɓi DC ko DCC ya zama mai matsayi uku, tsakiya a kashe, yadda ba ta yiwuwa wutar biyu su haɗu a layi. Kuma kafin a mayar da DCC a zagaya a tabbatar ba a bar tsohon jirginsa ko ɗaya a kan layi ba, har bayan labule. Jirgin da ba dikoda in ya zauna a wutar DCC zai yi ta ƙugi yana zafi, motar na iya ƙonewa.

Malam Tanko: Baban Khalil, wannan daren tsofaffin, ana barin baƙo ya shigo kallo? Ina da taro a Lesta wata mai zuwa. Kallo kawai, ban ce zan tuƙa ba.

Baban Khalil: Ana bari Malam, fam 2 ne kuɗin shayi. Ka ƙwanƙwasa kafin ka ɗaga gada.